Za Ki Koma Ɗakinki a Rame

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata, tare da abokina da ke hannunki. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki da sauƙi, ya kai ku gidan mijinki a Minanata lafiya, ya tsare ku a hanya da bayan an sauka.

Kin san ni, amma bari in tuna miki wanda ke magana. Na shigo Sakkwato daga ƙauyenmu a bayan motar albasa, da riga ɗaya da takalmin roba. Ba kawu, ba ubangida, ba wanda ya ce mini ga tabarma. Na yi dako a kasuwa har gashin tsakiyar kaina ya ƙare. Sakandaren da na yi, da safe ina aji, da yamma ina ƙarƙashin buhu, ni na saya wa kaina littafi har na gama. Daga dako na koma awo, daga awo na fara sayen albasa tun tana ƙasa a fadama. Na gina rumfunan ajiya, na sayi motar kaya, na ƙara wata. Gidan nan na Ƙofar Atiku da kika tashi a ciki, ni na tsaya a kan kowane bulo. Na sauke farali, na kai uwarki, na kai yayata, Goggonki Hajo. Na sa ku makaranta, maza da mata, lokacin da abokan kasuwa ke yi mini dariya. In ban da Allah, babu wanda zai tashi a garin nan ya ce shi ya ɗaga ni. Na jero miki waɗannan ne don ki san cewa mutumin da zai ce miki ya yi kuskure ba mai saurin faɗin haka ba ne. Ki karanta da nauyin da ya kamata.

Takarda na rubuta don ba mu saba zama mu yi magana ba. Ke ce ta fari, ga sunan mahaifiyata a kanki. Tun kina rarrafe ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ke kuma in kin ji takuna sai ki gyara lulluɓi ki shige ɗaki. Haka muka taras, haka muka yi, ban kuma ce laifi ne ba. Amma abin da zan faɗa ba na aike ba ne.

Jibi za a mai da ke ɗakinki. An yi arba'in, dangin mijinki sun yi haƙuri, ba ni da hujjar riƙe ki. Za ki koma da jariri a hannu, da ɗinkin tiyata a ƙarƙashin haƙarƙarinki na dama, wanda likita ya ce ya kame a sama amma cikin bai gama ba. Mijinki Nasiru zai kwana biyu ya koma wurin aikinsa a kudu, ya bar ki da mahaifiyarsa. Ita kuwa ta riga ta jibge itace, ta wanke tukunyar wanka, ta aika ruga an kawo man shanu. Abin da ke hana ni sukuni ke nan: za a yi miki alherin da zai iya mai da ke asibiti, ke kuma kunya ba za ta bar ki ki ce a'a ba. Na san haka don ni na fara yi miki irin wannan alherin.

Ina yaro na ga mahaifiyata ta yi jegon autanmu. Shekarar damina ba ta yi ba. Kunun da take sha, kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Ba ƙauri, ba tsoka, ba ɗigon mai. Ta tashi daga jegon nan wuyanta kamar kara, ba ta sake mai da jikinta ba har ta koma ga Allah. Tun ina dako na yi wa kaina alkawari, duk ranar da ɗiyata ta haihu, sai unguwa ta ji ƙamshi. Da kika zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, Allah ya sauke ki lafiya, da ƙafata na je wurin mahauta. Na zaɓi ƙafafun sa da kai, aka yi ƙaurin da har maƙwabta suka yi kwanaki suna ci. Na sa aka kawo man shanu cikin ƙwarya. Kullum na taso kasuwa da la'asar, ga balangu a takarda, ni nake ce wa mai nama ya zaɓo mai kitse. Na gaya wa uwarki, tuwon Uwata in ba a ga mai yana yawo a kai ba kada a kai mata. In an fito da kwano kuma sai na buɗe na duba.

Wata rana uwarki ta fito da kwano rabi. Ta ce, "Alhaji, yarinyag ga ta ce ta ƙoshi."

Na ce, "Mai jego ba ta ƙoshi. A mayar mata."

Aka mayar, kika cinye. Daga baya na san cewa duk cin da kika yi, ba a daɗewa ciwo ke kama ki a dama, ya zagaya har allon kafaɗa, ki dunƙule a bayan gado kina cizon zane don kada a ji. Ni kuwa ina zaure ina gaya wa mutane cewa ɗiyata ba ta barin komai a kwano.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Na ciyar da yunwar mahaifiyata ta bakinki, ban tambayi cikinki ba. Abin da nake so ki riƙe: barin abinci a kwano ba raini ba ne. Likita ya ce ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, mai sauƙin mai, har jiki ya saba da rashin abin da aka cire. Tuwo da miyar kuɓewa ko ta kuka ba man shanu, dafaffen kifi, naman kaza ba fata, kunun gero, lemo da kankana, ruwa da yawa saboda nonon abokina. In kin ci abu kika ji cikinki ya juya ko ya saki, ki bar shi, ki jarraba wani lokaci. Likitan ya ce ba har abada ba ne, a hankali za ki koma cin abin da kowa ke ci. Amma ba a wannan watan ba, kuma ba don ganin idon wanda ya dafa ba, ko ni ne.

Kuskure na biyu, na karɓi bayanin da ya yi mini daɗi. Da amai ya fara, uwarki ta gaya wa Goggonki Hajo, wadda ita ke yi miki wanka. Goggonki ta wanke masu jego da ba su ƙirguwa, hannunta ya san aikin, ban kuma raina ta ba. Ta same ni a tsakar gida ta ce, "Garba, kak ka damu. Ciwon jego na, shina wucewa. Jini na bai gama hita ba. A ƙara wuta, a ƙara kanwa."

Na ce a ƙara. Aka ƙara wa ruwa zafi, ana fyaɗa miki da ganyen dogon yaro a daidai wurin da ke ciwo, kina dafe da bango. Aka ƙara kanwa a kunu. Da farin idonki ya fara komawa ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce. Ni da kaina na tsaya wurin mai saiwoyi a bakin kasuwa, na sayo ƙullin magani na kawo aka jiƙa miki. Ni da na yi sakandare, ni da mota tana tsaye a ƙofar gida. In albasa ta fara ɗumi a rumfa ba na jiran maganar kowa, a take nake sa a baje ta in duba da idona. Amma ɗiyata tana canja launi a cikin gidana, na zauna ina jiran saiwa ta yi aiki, don an ce mini abu ne da kowace mace ke yi, ni kuma ba na son in ji wani abu dabam.

Saboda haka ki ji waɗannan, ki haddace su kamar karatu. In jikinki ya yi zafi, ko kika ji sanyi yana kaɗa ki. In ɗinkin ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana fitar da ruwa. In idonki ya sake yin ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu. In amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki ya ƙi lafawa da maganin da aka ba ki. Kowanne daga cikinsu ya zo, ba a jiƙa komai, ba a jira gobe, ba a jira mai gida ya dawo daga tafiya. Asibiti. Duk wanda ya ce miki "haka kowa ke yi", ki gode masa, ki ɗauki mayafinki. Ana iya zama tsohuwa mai gaskiya da sanin aiki, a kuma yi kuskure a kan abin da ke cikin cikin mutum. Goggonki da kanta ta faɗi haka a bakin gadonki tana kuka, ban kuma taɓa ganin hawayenta ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Na uku ya fi zama mini a rai. Duk kwanakin nan, kullum ina tambaya. In na shigo sai in ce wa uwarki, "Ya mai jego?" Ta ce, "Da sauƙi." Ita ma ke ta tambaya, kika ce mata da sauƙi. Magana tana fitowa daga ɗakinki tana bi ta bakin mutum biyu, kowa yana rage mata nauyi don kada ya tayar wa na gaba da hankali, kafin ta iso zaure ta zama lafiya lau.

Ranar da Allah ya tashi taimakonmu, motar da nake jira daga fadama ba ta iso ba, sai na dawo gida tun kafin azahar. Uwarki ta shiga maƙwabta, Goggonki tana bayan gida tana hura wutar wanka. Na ji abokina yana tsala kuka ba wanda ya ɗauke shi. Na yi gyaran murya, shiru. Na ɗaga labule, abin da ban taɓa yi ba tun da kika girma. Na gan ki a durƙushe a ƙasa, goshinki a bakin gado, hannu biyu a gefen dama, zufa ta jiƙa rigarki. Da kika gan ni, sai kika fara laluben ɗankwali. Kika yunƙura za ki gyara zama. Kika ce, "Baba, sannu da dawowa."

Na ce, "Bar gaisuwa. Ina ke miki ciwo?"

Kika nuna.

"Tun yaushe?"

Kika sunkuyar da kai kika ce, "Tun kahin suna."

Uwata, na sha ɗaukar buhun da ya fi ni nauyi, ban taɓa jin nauyi irin na wannan maganar ba. Tun kafin suna. Muna ta yanka, muna ta rabon goro, maroƙa suna kiran sunana a ƙofar gida, ke kina ciki da wannan. Na tambaye ki me ya hana ki faɗa, kika ce kin ga kowa yana ta ƙoƙari a kanki, ba ki son a ce ba ki gode ba. Kuma kin ji ni sau da yawa ina cewa ban taɓa kai kukana wurin kowa ba.

Gaskiya ne na faɗa, kuma gaskiya ne ban kai ba. Amma ni ban kai ba ne don ba ni da inda zan kai. Ke kina da shi. Duk wahalar da na sha, na sha ta ne don kada ɗana ya rasa wanda zai gaya wa. In kika ɗauki halina na rashin gata kika mai da shi ado, kin ɓata mini aikin shekaru. Dauriya tana da wurinta: a kan talauci, a kan halin mutane, a kan zaman aure. Ba a dauriya a kan ciwon da ba a san kansa ba. Ki faɗa, da bakinki, ga wanda zai iya tayar da mota.

A asibiti likita ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinki ya ce ki ja numfashi, numfashin ya tsaya a rabi. Aka yi hoton ciki. Ya kira ni gefe ya ce, "Alhaji, ka san maɗaciya?"

Na ce, "Wadda muke cirewa a hankali daga jikin hantar ragon layya, don kada ta fashe ta ɓata nama?"

Ya ce, "Ita. Ta ɗiyarka ta tara tsakuwa, ta kumbura, tsakuwa ɗaya kuma ta toshe hanya. Shi ya sa idon ya canja. Sai an cire."

Na ce, mutum yana rayuwa ba ita? Ya ce yana rayuwa har ya tsufa, hanta ce ke yin ɗacin, ita ma'ajiya ce kawai. Wannan na gane shi da wuri, don ni ma ajiya ce sana'ata: in rumfa ta ruɓe, rushe ta ake yi, gona tana nan. Sai na yi masa tambayar da ke cina. Na ce, "Naman da na ba ta ne ya jawo?" Ya ce a'a, mata da yawa tsakuwar nan tana taruwa ne tun suna da ciki, ba laifin kowa ba ne. Amma maiƙo shi ke matsa maɗaciyar, shi ke tayar da ciwon duk lokacin da aka ci. Wato ban sa tsakuwar ba, amma ni ne nake taka ta kullum da la'asar. Na karɓi wannan rabon, ba ƙari ba ragi.

Allah ya sa aka yi tiyata aka gama lafiya. An nuna mini tsakuwoyin a 'yar kwalba, ƙanana kamar ƙwayar gero, wasu kamar wake. Na daɗe ina kallon su. Kin ga yadda kika sha wuya bayan nan: tashi zaune sai an tallafe ki, tari sai kin rungume matashi a ciki, shayar da abokina sai an jera matasai an ɗora shi a gefen hagu don kada ƙafarsa ta taɓa ɗinki. Shi kuwa ko a jikinsa, ɗan banza, ci yake kamar ya biya kuɗin gadon. Ranar da kika fara takawa daga gado zuwa ƙofa kina riƙe da hannun uwarki, na juya na fita waje, na ce zan amsa waya. Ba wanda ya kira ni.

Yanzu ga kuskure na huɗu, wanda bai ko kwana da yawa ba. Surukarki ta zo duba ki. Mace ce ta kirki, ina faɗa ne tsakanina da Allah. Tun da aka kai ki gidanta ban ji kin kawo ƙararta ba, kuma ranar tiyata tana cikin waɗanda suka fara isowa. Da ta fito daga ɗakinki ta tsaya daga nesa muka gaisa, kamar yadda surukai ke yi. Ta ce, "Alhaji, ɗiyag ga ta zube. Ba haka mai jego ka komawa ɗaki ba. Ku ba ni ita. Wankan da anka katse sai an rama shi, in ba haka ba sanyi shina kama ta har tsuhwa. Wata guda, ba ku gane ta."

Kin san me na ce? Na ce, "Madalla, Hajiya. Allah shi saka da alheri."

Ni da na tsaya gaban manyan dillalai na ce a'a ba tare da na ƙifta ido ba. Kunyar suruka ta ɗaure mini baki. Kuma, tun da gaskiya nake rubutawa, maganarta ta taɓa ni a wurin da ke ciwo. A garin nan in mace ta koma daga wanka, jikinta ake kallo a san gidan da ta fito. In ta yi ɓul-ɓul tana sheƙi, a ce ubanta ya isa. Ke za ki sauka daga mota zanenki yana zagaye ki sau biyu, matan unguwa su taru barka, su kalli wuyanki, su koma gida su ce Alhaji Garba mai motoci ya kasa ciyar da ɗiyarsa. Na kwana da wannan a raina. Har na yi tunanin in riƙe ki wata guda in ga ko za ki ciko, sai na gane hanyar da na bi da farko ce nake son komawa.

To na yanke. Su faɗa. Su faɗa a gidan suna, su faɗa a gidan biki, su kai har kasuwa. Na yarda a ce na kasa. Ramammiyar ɗiya mai tafiya da ƙafarta nake so, ba wadda za a sake turawa a gadon asibiti ba.

Na kira Nasiru na yi masa magana, ya ce to. Yaron kirki ne, amma ɗa ne, ba zai iya tsayawa gaban mahaifiyarsa ya ce ta sauke tukunya ba, kuma ba zama zai yi ba. Ni ma ba zan iya zuwa in zauna a gidan suruki ina gadin kwano ba. Daga Ƙofar Atiku zuwa Minanata tafiyar ɗan lokaci ce, amma a wurina ya fi Legas nisa, don Legas ina shiga duk inda nake so. Saboda haka nauyin ya dawo kanki, kuma ni na jawo da "madalla" ɗin da na ce. Abin da zan iya ba ki shi ne abin da za ki tsaya a bayansa.

In aka kira ki wanka kika ga ruwa yana tururi, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri, babana ya hana." Ruwan ɗumi kawai, da hannunki, ba ganye, ba fyaɗawa, ba gasa ciki, ki tsane ɗinkin ya bushe. In aka kawo kunun kanwa ko tuwo yana ninƙaya a mai, haka za ki ce. In aka ce ki goya yaro, ki tuna majanyi a kan ɗinkin nan zai bi. Ki rungume shi a zaune, ki bar goyo sai likita ya ce. Ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar jarka, ba tsugunnon wanki mai tsawo. Amma kada ki kwanta kamar gawa, ki riƙa zagaya tsakar gida a hankali safe da yamma, an ce yana taimaka wa jiki. Salla kuma ki yi ta yadda za ki iya, a zaune in ruku'u yana ja miki ɗinki, addini ya ba da wannan sauƙin.

Kada ki ce likita ya hana. Na san tsofaffinmu, maganar likita a wurinsu maganar yaro ce, za a ce su da suka haifi goma ba likita. Amma maganar suruki tana da nauyin da ba a tsallakewa. Kunyar da ta ɗaure mini baki a gabanta, ita za ta ɗaure mata hannu in ta ji daga gare ni ne. Za ta ji haushi, za ta ce ina da iko da yawa, za ta ce arziki ya sa ni raina al'ada. Ki bar ta ta ce, kada ki kare ni, kada ki mayar da magana. Ki ci gaba da yi mata ladabi fiye da da. Haushin ya zo kaina, ina da wuyan ɗauka. Uwarki ma za ta raka ki, na gaya mata ta faɗa da bakinta tun a ranar, a gaban mutane, don kada ya zama ke kaɗai kika ƙirƙira. In Allah ya ba ki lafiya, ranar da likita ya sallame ki, ni zan aika wa Hajiya rago da ban haƙuri, ta yi ƙaurinta ta ci da jikanta a cinya.

Allah ya raya abokina, ya sa mahaddaci ne, ya sa ya fi kakansa sa'a, ko da yake ba zai fi shi ƙoƙari ba. Allah ya haɗa naman jikinki, ya mai da miki ƙarfinki, ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi. Ya sanya albarka tsakaninki da mijinki da mahaifiyarsa. Ya tsare ki daga abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Saura magana ɗaya, ita kuma ba shawara ba ce, umarni ne.

Ba ki san yadda na samu labarin shigarki tiyata ba. An ce mana sai an kwana biyu ana ƙarin ruwa da allurai kafin a yi, sai na leƙa kasuwa da safe. Ashe zazzaɓi ya tashi, likitoci suka ga ba a jira. Suka tambaye ki, kika sa hannu da kanki, kin kuma yi daidai, na ji daɗin wannan. Suka kira lambar da ke kan katinki, ta Nasiru, yana hanya waya ba ta shiga. Uwarki ta koma gida da jariri ta yi masa wanka. Ni ina kasuwa ina gardamar farashi. Na iso da rana riƙe da kular abinci, na shiga ɗakin, na ga gadonki an cire zanin, an naɗe katifa rabi, takalmanki a ƙasa. Ba ke, ba kowa. Ban san lokacin da kular ta faɗi ba. Abin da na ɗauka, Allah kada ya nuna wa wani uba.

Na fita ina salati, na samu ma'aikaciyar da ke kan tebur. Ta ce an shiga da ke tun ɗazu, ana kan aiki. Na ce, "Don me ba a kira ni ba?"

Ta ce, "Kai ne wa?"

Na ce, "Ni ne ubanta."

Ta buɗe katin ta duba sama da ƙasa, ta ce, "Alhaji, yi haƙuri, sunanka ba ya ciki."

Ba ta yi laifi ba, ke ma ba ki yi ba. An tambaye ki wa za a kira, kika faɗi mijinki, haka ya dace. Amma mijinki mutumin tafiya ne, ni kuwa ina garin nan, wayata tana aljihuna, motata tana ƙofa. Ranar da za ki koma a duba ɗinki, kafin ki ga likita, ki tsaya wurin masu kati. Ki ce a fito da naki. A ƙarƙashin sunan Nasiru a ƙara nawa da lambata, ki tsaya a wurin har ki ga an rubuta da idonki. Kada a taƙaita, kada a sa "Alhaji" kawai, Alhazai sun yi yawa a Sakkwato. In kunya ta hana ki furta shi, ki miƙa musu wannan takarda su kwafa daga nan:

Alhaji Garba Altine Mai'albasa, Ƙofar Atiku. Mahaifinta.